Jinin Da Ya Ƙi Baƙo

Shekaranjiya ina wanke hannu a bayan labo, ɗakin gwajin jininmu, na ji ɗaya daga cikinku, ku ƴan sitaji masu koyon aiki na bana, yana ce wa abokinsa aikinmu aikin hutu ne. Wai a ɗebi jini, a zuba wa inji, a zauna cikin sanyi har inji ya tofo takarda. Ban waiwaya ba, don kada ya ji kunya. A raina ma dariya na yi, domin ranar da na fara shigowa ɗakin nan da farar rigata mai ƙamshin kanti, abin da nake zato ke nan. Ban girme ku da yawa ba, amma na daɗe a kan bencin nan har ya san zamana. Baki ba ya yi mini daɗi a gaban jama'a, shi ya sa na ce bari in rubuta muku.

Aikin farko da aka ba ni shi ne ɗiban ruwa. Majo ɗinmu ta lokacin, wato shugabar labo, Ya Falmata, Babarbariya ce ta Geskeru, doguwa, mai tafiya kamar ba ta son ƙasa ta ji nauyinta. Hausarta ba ta raba mace da namiji, duk wanda take magana da shi "kai" ne, ni kuma tana kirana Fero, wato yarinya a harshensu. Ta miƙo mini pipet, ɗan bututun awon nan mai kama da alƙalami da kuke wasa da shi, ta ajiye kofuna biyu a gabana, ta ce in riƙa ɗaukar ɗigo daga wannan ina kai wa wancan. Na yi makonni ban taɓa jinin kowa ba. In ta zo wucewa sai ta tsaya ta dubi babban yatsana.

"Fero, hannunka rawa yake kamar na mai satar nama a tukunya. Sake."

Na ce, "Ya Falmata, ruwa ne fa."

"Yau ruwa ne. Gobe ɗan wani ne, kuma ɗigo ɗaya uwarsa ta yarda aka ɗiba."

A makaranta an koya muku cewa cikin ƙwayoyin halittar mutum akwai wani dogon zare da ake kira ADN, an jera shi da haruffa huɗu kacal, kuma akwai injunan da ke karanta jerin nan harafi bayan harafi. An koya muku cewa daga wannan rubutu jiki ke ƙera furotin iri-iri, masu ɗaukar iska a jini, masu narkar da abinci, masu tsaron ƙofa. Ni ma na haddace, na ci jarrabawa, amma ban gane ba sai ranar da Ya Falmata ta ja ni garkar ƙanenta a bakin kogin Komadugu. Lokacin tsinkar tattasai ne, an shanya shi a kan tabarmi har ƙasa ta yi ja kamar faɗuwar rana ta sauko ta kwanta. Ta fasa guda ɗaya, ta zube mini ƴaƴan a tafin hannu.

Ta ce, "Wannan iri shi ne ADN. Ba ya canzawa, ko ka ajiye shi a tulu ko ka kai shi Damagaram. Wancan da ke kan tabarma shi ne furotin. Abin da iri ya yi alkawari ne, amma ruwa da rana da tsutsa duk sun sa baki. In kana son sanin abin da gona za ta iya, karanta iri. In kana son sanin yadda ta kwana bana, dubi tabarma."

Ta ƙara da abu ɗaya, ku ma ku riƙe shi don zai yi muku amfani a gaba. Kowane mutum iri biyu yake karɓa na kowane abu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ba mai karɓar biyun daga wuri guda.

Mu a Diffa tabarma muke dubawa. Muna da madubin ƙara girma, da inji mai juya jini har ya rabu, jan ya kwanta ƙasa, ruwan ɗorawa ya tashi sama. Muna da ɗan akwatin da ake sa wa wuta, furotin na jini su yi tsere a kan farar takarda, mai lafiya ya yi gaba, na amosanin jini, wanda a nan muke ce wa emasi, ya tsaya baya. Babban injin da ke karanta iri ba mu da shi. Sai mu aika Yamai, wani lokaci daga can a wuce da shi ƙetare. Amma duk girman injin can, abin da hannunmu ya ba shi kawai yake karantawa. In mun ba shi shirme, zai karanta shirmen da kyakkyawar murya.

Masu zuwa mana kuwa, duk kwarin nan ne. Manoman tattasai, masuntan tafki, makiyaya, sojojin da aka turo daga yamma, matan sansanin Sayam da Hausarsu mai gauraye da Turancin Najeriya. Kowa da tsoronsa. Wani tsohon masunci da muka ɗebi jininsa ya riƙe mini hannu ya ce, "Ɗiyata, injin nan da kika ce yana karanta mutum, zai gaya wa matata ina cin taba?" Na ce masa haƙoransa sun riga inji.

Mummunar shekararmu ita ce wadda ƙauyukan bakin kogi suka watse saboda hare-haren ƴan bindiga, mutane suka zube a gefen kwalta cikin rumfunan buhu, aka hana hawan babur. A lokacin muna tara jinin yara masu zazzaɓin cizon sauro, za a karanta irin ƙwayar cutar a ga ko ta fara koyon kauce wa magani. Aikin damina guda ne, yana cikin firiza. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, gazuwal, man gurup ɗinmu mai ba da wuta, ya yi wuya, abin da aka samu aka ba ɗakin tiyata, kuma haka ya kamata. Da muka buɗe firizar, ruwa ne ya tarbe mu. Ya Falmata ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in kawo bokiti. Muka wanke firizar tare.

Washegari ta zo da wasu ƴan katuna na takarda mai shan ruwa. Ta ce, "Kakata ba ta da firiza, amma kifinta yana kaiwa Kano. Abin da ba ka iya sanyaya shi, shanya shi." Ba ita ta ƙirƙiro dabarar ba, tana cikin littattafai, mu ne muka raina ta. Tun daga nan muke ɗiga jini a kan kati, mu bar shi a inuwa ya bushe, mu sa a leda tare da ɗan ƙunshin da ke tsotse laima. Furotin da yawa ba sa jure wannan, amma iri yana jurewa. Yana shiga motar haya ya isa Yamai da rubutunsa cikakke.

A kan irin wannan kati jinin Aisatu ya yi tafiya, kuma labarinta ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata Talata, ranar kasuwa, aka kawo ta daga wajen Tumur. Bafillatana ce, ba ta wuce ashirin da kaɗan ba, tana da emasi, ga cikin fari wata biyar. Cikin idonta ya yi fari kamar auduga. Likitan da ya karɓe ta, Lokotoro Seyni, Bazabarme ne daga Dosso, mutum mai haƙuri da yawan goge tabarau. Ya zo labo da kansa ya gaya mana damuwarsa. A baya an taɓa ƙara wa yarinyar jini a wani asibiti, jikinta ya tayar wa jinin da faɗa, fitsarinta ya koma baƙi kamar shayin farko, da ƙyar aka ƙwato ta. Yanzu tana iya lallaɓawa da magani, amma ranar haihuwa da wuya a rabu ba a nemi jini ba. In ba a sami wanda jikinta zai karɓa ba kafin ranar, ana iya rasa ta.

Kun san gwajin da ake yi kafin a ƙara wa mutum jini. A ɗauki ruwan jinin maras lafiya, a haɗa da jajayen ƙwayoyin mai bayarwa, a ɗumama, a duba. In sun yarda da juna, ƙwayoyin za su yi ta yawo kowa da hanyarsa. In ba su yarda ba, sai su dunƙule kamar madarar da ta tsinke. Na gwada duk ledar jinin da ke cikin firigo, wato firij, wadda rukuninta ya dace da na Aisatu. Duka suka dunƙule. Na gwada nawa, shi ma ya dunƙule. A bayan A da B da O da kuka haddace, fatar jar ƙwaya cike take da wasu ƙananan furotin, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa kunnen saniya. Jinin Aisatu yana ganin wata shaida a jikin kowa, yana cewa baƙo ne.

Lokotoro ya ce a nemi dangi, kuma a aika a karanta iri.

Mata biyu ne suka rako ta. Ɗaya mai jiki, mai murya, ƴan kunnenta har kafaɗa, sunanta Inna Dije. Ita ke riƙe da kan Aisatu, ita ke faɗa da masu jinya. Na durƙusa na gaishe ta na ce, "Inna, ke ce uwarta?"

Ta ce, "Ni ce. Wa kike gani?"

"Babanta fa?"

"Ya riga mu gidan gaskiya."

"Tana da ƴan'uwa?"

"Maza biyu, suna waje suna cin rana."

Ɗaya matar siririya ce, tana zaune a bakin ƙofa da faifan da take saƙawa. Inna Dije ta ce ƙanwarta ce, Kumbo, ta rako ta ne don kada ta yi zaman kaɗaici. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

Na ɗebi jinin Inna Dije da na samarin nan biyu. A gwajinmu duka suka dunƙule. Na ɗiga na kowa a katinsa tare da na Aisatu, suka bushe, suka tafi.

Amsa ba ta dawo ba sai da ciki ya shiga wata bakwai. Lokotoro ya kira mu ofishinsa, ni da Ya Falmata, ya cire tabarau ya goge. Ya ce masu karatun sun gano abin. Akwai wani furotin da kusan kowa yake da shi a jan jininsa, Aisatu ba ta da shi, domin irin rashinsa ta karɓa daga uba, ta kuma karɓa daga uwa. Ba ciwo ba ne, haka aka halicce ta. Amma jinin da zai zauna a jikinta sai na mai irin wannan rashi, kuma inda aka fi sa ran samunsa shi ne wurin waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da ita.

Ya ce, "Sai dai akwai magana. Sun ce matar da muka aika a matsayin uwa ba ta ɗauke da irin nan ko ɗaya. Ba yadda za a yi ta ba da abin da ba ta da shi. Majo, ba zargi nake ba, amma ko kati ya shiga ledar wani?"

Ya Falmata ta miƙe tsaye har sai da kujera ta yi ƙara. "Lokotoro, a labona?"

"Na ce ba zargi nake ba."

"To kada ka ƙara faɗin abin da ba kake ba."

Duk da haka aka yanke a sake ɗiba, don ba wata hanya. Sake aikawa kuwa wasu makonni ne, ga ciki ba ya jiran mota.

Na ɗauki tire na nufi ɗakin mata da hantsi. Inna Dije ta fita alwala, sai na tsaya jiranta a jikin bango. Aisatu tana barci. Kumbo tana wurinta na kullum, ta ba gadon baya, tana saƙa. Can Aisatu ta yi tari, dogon tari mai sarƙewa. Hannun Kumbo ya tsaya cak, allura a sama. Ba ta juya ba. Sai da numfashin yarinyar ya koma daidai, sannan allurar ta sauka. Aisatu ta sake motsi, allura ta sake tsayawa. Da Inna Dije ta shigo, Kumbo ta tura mata kofin ruwa da gefen hannu, idonta a kan faifai, ta ce, "Waccan tana tari."

Waccan. Ni ɗiyar fari ce. Tun da aka haife ni uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma na san yadda bayan mace yake in duk kunnuwanta suna cikinsa. Na koma labo da tirena ban soki kowa ba.

Ya Falmata ta saurare ni, ta dafe goshi, ta yi wata doguwar magana da Barbarci wadda ban nemi fassara ba. Na ce mata ni ba zan iya tambayar Kumbo ba, sa'ar ɗiyarta ce ni, in na buɗe baki na ci mutuncinta.

Ta ce, "Kai ba ka iya ba. Ni Allah ya ba ni Fulani in yi yadda nake so da su."

Ku da kuka zo daga nesa, ku sani Barebari da Fulani abokan wasa ne. Abin da wani zai faɗa a zare masa sanda, Babarbare zai faɗa a yi dariya. Ta gyara ɗaurin kallabi, na bi ta a baya.

Tun daga ƙofa ta fara. "Mutanen daji, sannunku da cinye mana ciyawa. An ce kun ga fanka kun gaishe ta."

Inna Dije ta tafa hannu. "Ga baiwarmu ta zo gaisuwa. Ina goron?"

"Goro sai mai haƙori." Ta ja tabarma ta zauna dab da Kumbo, kafaɗa da kafaɗa, ita ma ta ba gadon baya. Ta ɗauki faifan ta juya shi. "Saƙar ba laifi, a ce Bafillatana ce ta yi. Kai, mai faifai, ƴaƴanka nawa?"

Kumbo ta ce a hankali, "Huɗu."

"Babbansu?"

"Hammadi."

"Kafin Hammadi fa, shekarun nan kana ina? Kana kiwon zabi?"

Kumbo ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa. Inna Dije ta yi salati. "Ke Babarbariya, ba a raba kunya da ke ba?"

"Ranar rabo muna garka muna ban ruwa." Ya Falmata ta juya wajenta, muryarta ta sauka. "Dije, ban tambayi wanda ya haifi yarinyar nan ba, ba ruwana. Abu ɗaya nake so. Wa ke bi mata a nono?"

Matar gadon kusa ta daina fifita. Inna Dije ta dubi Aisatu, wadda ta farka tana kallon silin, ta dubi bayan ƙanwarta.

Ta ce, "Hammadi. Bayansa Sambo. Sauran biyun ƙanana ne." Sai ta ɗaga murya, ta nuna ni da yatsa. "Amma yarinyar nan tambayata ta yi ko ni ce uwarta. Ranar da aka yaye ta aka ɗora mini ita a baya. Ni na yi jinyar ƙafafunta duk sanyin duniya, ni na wanke ta na kai ta ɗaki. In ba ni ce uwarta ba, wa ce ce?"

Ya Falmata ta ce, "Kai ne. Ko gaban alƙali kai ne. Jini ne kawai ba shi da tarbiyya, bai san riƙo ba."

Nan na durƙusa na yi musu bayani da sauƙin da na iya, ina kallon Inna Dije, ina magana don kunnen da ke bayana. Na ce jinin Aisatu ba ya karɓar baƙo, kuma a wurinsa ɗan inna ma baƙo ne. Sai wanda suka kwanta ciki ɗaya, shi ma ba tabbas, sai an gwada. Na ce lokaci ya matso.

Ban gama rufe baki ba Kumbo ta soke allura a jikin faifai, ta naɗe kabarta, ta miƙe. Bango ta yi wa magana. "Suna arewa da shanu, bayan rijiyoyin Sayam. Ɗan aike ba zai gane wurin ba." Ta sa takalmi ta fita. Ba ta yi wa kowa sallama ba, ba ta dubi gadon ba.

Da muka gaya wa Lokotoro, ya daɗe yana dariya yana girgiza kai. Ya ce shi ma ɗan fari ne, uwarsa in an tambaye ta ƴaƴanta daga ƙanensa take fara lissafi. Dukanmu ukun mun san al'adar tun muna goye. Mun saba ne mu tuɓe ta a ƙofar labo tare da takalman waje.

Sai da mako ya kusa zagayowa Kumbo ta dawo, ƙafafunta sun yi furu-furu, leɓenta ya tsage, samari biyu dogaye suna bin ta da sanduna a kafaɗa. Na fara da Hammadi. Na haɗa, na ɗumama, na duba: ya dunƙule. Na wanke hannu, na sake sabon bututu, na ɗauki na Sambo, wanda bai daɗe da isa shekarun ba da jini ba. Na sa ido a madubi. Ƙwayoyin suna yawo a sake, kowace ita kaɗai, kamar shanun da suka bazu a fadama da safe ba mai korarsu. Na jira, na girgiza, na sake dubawa. Ban yarda da idona ba, na kira Ya Falmata. Ta duba ta daɗe, ta sake gwajin da hannunta tun daga farko, sannan ta ɗago.

"Fero, je ka gaya wa Bazabarmen nan ya daina goge gilashi."

Muka duba muka ga Sambo ba shi da emasi, ba shi da wani ciwon da ke hana bayarwa. Muka aika katinsa, amsa ta dawo cewa irinsa da na yayarsa ɗaya ne a wannan wuri. Saura wahala ɗaya. Jini a firigo wata guda da ƴan kwanaki yake yi, ba a iya ɗiba da wuri, kuma mutum ɗaya leda ɗaya zai bayar. Dole Sambo ya zauna a gari har ranar ta matso. Ya Falmata ta kai shi gidanta. Kullum da safe sai ta zo da ƙararsa: ya ƙi kwana a ɗaki, ya ce rufi yana danne masa ƙirji, ya ce miyarta wuta ce, ya tsaya a bakin titi yana gaida akuyoyin mutane. Shi kuma in ya rako ta sai ya ce mini, "Adda, matar nan so take ta kashe ni da tattasai kafin ku sami jinin." Amma ko sau ɗaya bai nufi tasha ba.

Muka ɗebi ledar da ciki ya cika. Na rubuta sunan Aisatu a jikinta, na ba ta wurinta ita kaɗai a firigo. In kuran ya ɗauke, kafin gurup ya tashi ina tsaye a gabanta da akwatin ƙanƙara. Ban taɓa renon abu kamar yadda na reni ledar nan ba.

Naƙuda ta zo da sassafe, aka haifi namiji kafin azahar, sai jini ya ɓalle kamar yadda Lokotoro ya ji tsoro. Ungozoma ta tsayar da shi da ƙyar, amma Aisatu ta riga ta yi fari, hannunta ya yi sanyi. Na kawo ledar a ƙirjina. Aka rataye ta, aka buɗe kaɗan-kaɗan. Farkon shigar jini shi ne abin tsoro, nan jiki ke cewa ya yarda ko bai yarda ba. Lokotoro yana riƙe da wuyan hannunta, ni ina kallon goshinta ko zufa za ta keto, ko sanyi zai kama ta. Ɗigo yana bin ɗigo. Ba ta yi rawar ɗari ba, ba ta ce bayanta yana ciwo ba. Da la'asar aka kawo mini fitsarinta a ƴar kwalba, na ɗaga shi a taga, rana ta ratsa shi garau. Wannan shi ne gwaji mafi sauƙi da na taɓa yi, ba inji ba pipet.

Shi ya sa in na tura ku ɗiban jinin dangi nake hana ku tambayar "ke ce uwarsa". Za a ba ku amsa ta gaskiya, ta kai ku inda ba nan kuka nufa ba. Ku tambayi wa ke bi masa, wa yake bi wa. Ku dubi mai yawan magana, ku kuma dubi wadda ta ba gado baya. In abin ya fi ƙarfin bakinku, ku nemi wanda ke da izinin wasa. Ya Falmata ta yi ritaya, tana Geskeru tana faɗa da tsutsar tattasai, amma ba a rasa Babarbare a asibitin nan.

Ranar da za a sallame su na je in karɓi jinin ƙarshe na dubawa. Aisatu tana zaune, leɓenta ya dawo ja. Mai jinya ta miƙo mata jaririn tana cewa, "Ga ɗanki, dubi hancinsa," sai ta kawar da kai wajen bango, ta ja mayafi. Ɗan fari ne, kunya ta riga ta sauka a kanta ita ma.

Kumbo ce ta taso daga bakin ƙofa ta karɓe shi. Tsakanin kaka da jika ba kunya, sai wasa. Ta ɗaga shi sama, ta juya shi wajen haske, na ji muryarta a buɗe karo na farko, ashe zazzaƙa ce.

"Kai ne angon? Wannan kai kamar ƙwaryar da aka taka? Ka zo ba saniya, ba ko ɗan maraƙi, ka tayar da mutane daga daji, ka sa Barebari sun ga bayanmu." Tana faɗa tana dariya, tana sumbatar tafin ƙafarsa. "Mugun miji. Ka wahalar da ɗiyar mutane."

Inna Dije ta ce, "A hankali, kada ki karya mana shi."

Kumbo ba ta kula ta ba. Ta kwantar da yaron a kafaɗa, ta sa baki dab da ɗan kunnensa, ta yi magana yadda duk ɗakin zai ji.

"Ga fura can na dama tun safe. Ce mata ta sha kafin ta yi tsami."

Aisatu ba ta juyo ba. Hannunta ne ya fito daga cikin mayafi, ya laluba gefen gado, ya ɗauki ƙwaryar.